MU KAFA GARKA A BAYAN RUGA TUN ƘASA BA TA ƘARE BA

'Yan'uwa makiyaya da fataken shanu da dillalai, na Malanbil da Gene da Madekali da Garu da Karimama, har da na ƙetaren kogi a Gaya da Kamba. Maganar da muka zo da ita a wannan fitowa mun san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Mun taɓa ɗaga ta a wajen wani taro, sai wani dattijo ya dube mu ya ce, "To yara, yanzu kuma ƙungiya sanda za ta karɓe mana ta ba mu hauya?" Aka yi dariya aka tashi. Amma tun daga ranar ba mu daina juya maganar ba, kuma abubuwan da suka faru a 'yan shekarun nan sun ƙara mana ƙarfin gwiwar sake faɗinta a rubuce.

Maganar ita ce, duk rugar da take da wurin zama guda, inda tsofaffi da mata da yara suke saura idan garke ya tafi, ya kamata ta kafa garka, wato abin da 'yan'uwanmu na Nijeriya suke kira lambu. Ba muna nufin gonar auduga ko ta shinkafar sayarwa ba. Muna nufin ɗan fili a bayan ruga, mai shinge, mai rijiya ko ruwa kusa, inda gida zai riƙa samun kayan miyarsa da ɗan abin sawa a baki, saniyar tatsa kuma ta sami harawa.

TUKUNYA CE KE CIN GARKE

Dalilinmu na farko lissafi ne, kuma kowa yana iya yinsa da yatsunsa. A ce gida yana kashe dala 40 kacal kowace rana wajen cefane, wato sefa 200, na kuɓewa da albasa da tattasai da tumatir da barkono. A shekara kuɗin ya kama jika 73. Mai iyali da yawa ya san nasa ya wuce haka nesa. Daga ina wannan kuɗi yake fitowa? Da damina nonon mata ne yake biya. Da bazara, lokacin da nono ya ɗauke, sai a kama akuya, a kama tunkiya, in abin ya haɗu da sayen hatsi sai a shiga garke a ja karsana. Kuma dukanmu mun san a lokacin ne dabba ta fi rama, kuɗinta ya fi faɗuwa, hatsi kuwa a lokacin ya fi tsada. Wato muna sayarwa a ranar da kayanmu ba su da daraja, muna saye a ranar da kayan wasu suka fi daraja. Shekara goma a haka, mutum zai duba garkensa ya ga ya ragu, alhali ba ciwo ya shiga ba, ba ɓarawo ya kora ba. Tukunya ce ta cinye su ɗaya bayan ɗaya.

Abin takaicin shi ne, abin da garka ta fi buƙata yana hannunmu, wato taki. A zamanin iyayenmu manomi ne yake zuwa har ruga da damin gero yana roƙon a kwanar da shanu a gonarsa bayan girbi. Yau wannan ciniki ya kusa mutuwa. Manomi ya sayi shanun huɗa nasa, ya saba da takin zamani na buhu, kara da harawar da yake bar mana a da kuma yanzu tarawa yake ya ɗora a rumfa ya sayar mana da rani. Amma da takin zamani ya yi tsada a 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, ai mun ga masu garkar albasa suna bin mashekarai da amalanke suna kwasar kashin shanu. Su kwashe a banza ko a kan abin da bai taka kara ya karya ba, su zuba wa albasarsu, mu kuma mu je kasuwa mu sayi albasar nan da kuɗin akuyarmu. Jama'a, wannan wane irin ciniki ne?

RANAR DA GADA TA RUFE

Dalili na biyu shi ne, kasuwa ba ta da tabbas, kuma babu wanda ya kai mu mutanen bakin iyaka sanin haka. Malanbil gari ne da ya rayu da gada da kasuwa. Kasuwarmu ita ake lissafawa ta biyu a ƙasar Benin bayan Dantokpa ta Kwatano, kuma mun girma muna ganin kamar duk abin da mutum yake so zai same shi a nan muddin da kuɗi a aljihunsa. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, iyayenmu suka wayi gari kayan da ake shigowa da su sun tashi. A watan Agusta na 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. Sai kuma babbar, bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, gadar da ta haɗa mu da Gaya ta rufe, manyan motoci suka yi jerin gwano a kan hanyar Kandi, mutane da kaya suka koma jirgin kwalekwale. Da aka ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe.

A cikin waɗannan watanni mun zaga rugage da yawa. Abin da muka gani da idonmu shi ne, gidan da yake da 'yar garka da rumbun gero ya ji jiki amma bai taɓa uwar garke ba. Gidan da komai nasa sai an sayo kuwa, shi ne ya riƙa jan dabba zuwa kasuwar Gene yana karɓar abin da aka taya. Hausawa suka ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Gwamnatoci suna iya saɓawa su rufe gada a dare ɗaya ba tare da sun shawarci kowa a cikinmu ba, amma ba su iya rufe hanyar da ke tsakanin ɗakin mace da zogalen da ke bayan ɗakinta.

WA ZAI SHAIDA KUN ZAUNA A NAN?

Dalili na uku shi ne ya fi damunmu, domin shi ya shafi ƙasa. Hanyar tafiya tana ƙara ƙunci kowace shekara. A 1998 ƙasashen CEDEAO suka amince makiyayi ya ƙetare iyaka da garkensa in yana da takardar kiwo. A watan Disamba 2019 gwamnatin Benin ta hana garkunan ƙasashen waje shigowa kiwo. A cikin gida ma auduga ta cinye daji a yankin Kandi da Banikwara, gandun dajin W yana da masu tsaronsa, tun daga 2022 kuma rashin tsaro ya sa gefensa ma ya zama wurin tsoro. A bakin Kwara da Sota, inda kakanninmu suke sauka cin burgu da rani, yanzu shinkafa ce da albasa. Filin shinkafar ban ruwa na Malanbil kaɗai ya haura hekta 500, ban da ƙananan garake masu injin ban ruwa da suka jeru har Karimama. A 2021 gwamnati ta kafa hukuma ta musamman don zaunar da makiyaya wuri guda, da shirin ProSeR wanda ya fara da sansanin gwaji a Gogunu.

Ko muna so ko ba mu so, zamanin da ake rabon ƙasa a rubuce ya zo. To a ranar rabon, me za mu nuna?

Mun taɓa raka mutanen wata ruga wajen sasanci. Sun fi shekara 30 a wurin, an haifi 'ya'ya da jikoki, an binne tsofaffi. Sai jikan wanda ya ba kakansu izinin sauka ya tashi ya ce yana son filin zai yi noma. Da aka zauna aka tambaye su, mene ne shaidarku? Suka nuna turakun maruƙa da tokar murhu da bukkokin kara. Aka ce wannan ai ko baƙon kwana uku yana da su. Wanda ya ba da izinin ya rasu, wanda aka ba ya rasu, shaidu sun rasu. Muka dawo jiki a sanyaye, su kuma suka kwashe kayansu kafin ruwan farko. Ba da nisa ba akwai wata rugar da aka so a yi wa haka, amma su suna da rijiya da suka gina, da mangwaro da lemun tsami da suka girma, da garkar mata mai shinge, da 'yar takarda da mai gari da shaidu suka sa wa hannu. Maganarsu ba ta yi nisa ba aka bar su.

A idon manomi da idon hukuma, ƙasar da aka yi wa aiki ita ce mai mai ita. Kiwo ba ya barin alama, ciyawar da saniya ta ci bana ta sake tsirowa baɗi kamar ba a taɓa taka ta ba. Muna ganin wannan ba adalci ba ne, kuma ba za mu daina faɗa ba cewa kiwo ma aikin ƙasa ne. Dokar karkara ta Nijar tun 1993 ta yarda makiyayi yana da haƙƙin fifiko a wurin da ya saba zama da dabbobinsa, dokar kiwo ta Benin mai lamba 2018-20, wadda aka sa wa hannu ranar 23 ga Afrilu 2019, ita ma ta tanadi burtali da wuraren kiwo. Amma kafin abin da ke cikin takarda ya iso daji, rijiya da itace da shinge su ne bakin da ake ji.

A nan sai mu yi gargaɗi. Kowa ya san al'adar ƙasar nan, wanda aka ba aron fili yana iya shuka kuɓewa amma ba a yarda ya dasa itace ba, domin dasa itace alamar mallaka ce. Saboda haka kada wani ya karanta wannan ya je ya dasa mangwaro da dare, ya jawo wa kansa da mu fitina. A je wa mai ƙasa da rana tsaka, da goro da dattawa, a yi magana a fili: aro ne, haya ce, kyauta ce, ko saye? Shekara nawa? An yarda a gina rijiya? An yarda a dasa itace? Abin da aka amince a rubuta shi a gaban mai gari da shaidu na ɓangarorin biyu. Inda kyauta ce ko saye ko gado, a bi sawu har ma'aikatar magajin gari a nemi takardar shaidar riƙon gargajiya da ake kira ADC, wadda dokar ƙasa ta 2013 da gyaranta na 2017 suka tanada. Wanda bai iya karatu ba ya zo wa ƙungiya da takardar a karanta masa kafin ya dangwala yatsa.

AMSA GA MASU JAYAYYA

Masu cewa noma ƙasƙanci ne ga mai shanu, muna girmama su, amma tarihi bai goyi bayansu ba. Fulanin Borgu tun kaka da kakanni suna noma dawa da masara a kewayen rugarsu, a kan tsohon makwancin shanu, kuma ba wanda ya ce sun fita daga Fulatanci. Bayan farin 1973 da na 1984, iyalai da yawa da garkensu ya ƙare da ɗan noma suka tsira har suka sake tara dabbobi. A Nijar bayan 1984 gwamnatin Seyni Kunce ta tura jama'a noman rani a bakin rijiyoyi da tafkuna, makiyaya da yawa a nan suka fara riƙe bokitin ban ruwa. Abin kunya na gaskiya shi ne mai shanu hamsin ya wayi gari jikansa yana kiwon shanun wani a kan ladan wata.

Akwai kuma masu cewa, kuma maganarsu ta fi nauyi, idan muka kafa garka hukuma za ta ce to ga shi sun zauna, sai a rufe sauran burtali. Wannan tsoro yana da tushe. Amsarmu ita ce, gida ne yake zama, garke ba ya zama. Garka mai taki ashirin ba ta ciyar da shanu ɗari, kuma ƙasar da ruwanta wata huɗu ne zuwa biyar ba ta riƙe babban garke wuri guda shekara zagaye. Duk inda aka kira mu taro za mu faɗi haka da babbar murya. Amma wanda yake da wurin zama sananne, da takarda, da maƙwabta da suka san shi, ya fi ƙarfin bakin neman burtali a kan wanda ake kira baƙo duk inda ya sauka.

Sai laifinmu, wanda ba za mu ɓoye ba. Muna kuka masu albasa sun toshe mashaya, alhali a cikinmu akwai waɗanda da suka zauna suka kafa shinge a kan labi, suka zama su ne masu kama shanun 'yan'uwansu suna neman diyya. Wanda ya yi haka ya karya mana hujja. Garkar makiyayi ba ta hau burtali, ba ta tare mashaya, ko da wurin ya fi ko'ina danshi.

YADDA ZA A FARA

Kada a fara da babba. Taki ashirin tsawo, ashirin faɗi, ya isa gida guda a shekarar farko. A zaɓi tsohon makwancin shanu a kan tudu. Waɗanda suka ga ambaliyar 2010 da ta 2013 a Malanbil da Karimama sun san abin da kogi yake yi wa na kwari, kuma kada a manta Kwara sau biyu take cika, jan ruwa na Agusta da Satumba, sannan baƙin ruwa da yake isowa daga Gini cikin sanyi.

Shinge kafin iri. Maƙiyin garkarmu na farko akuyarmu ce. A fara da ƙaya, a bi bayanta da dashen aguwa ko bini-da-zugu, waɗanda dabba ba ta ci, cikin shekara biyu zuwa uku sun zama katanga. Taki kuma a bar shi ya ruɓe a rami ko a tsibi, ɗanyen kashin shanu ƙona ƙaramin tsiro yake yi.

Da damina a shuka abin da ba ya son ban ruwa: kuɓewa, yakuwa, lalo, rama, kabewa, wake da gyaɗa. Waken da gyaɗar riba biyu ne, mutane su ci 'ya'ya, harawa kuma a ɗaure a ɗora a rumfa don saniyar tatsa da maruƙa a watan Afrilu da Mayu. Inda akwai rijiya, daga Nuwamba a yi albasa da tumatir da tattasai da dankali, ganyen dankalin ma abincin dabba ne. Zogale a jera shi a gefen shinge ta ciki, shi ba ya barin tukunya ta rasa ganye. Abin da ya yi yawa a shanya, busasshiyar kuɓewa da kauɗar tumatir da gabu su ne cefanen bazara.

Gargaɗi guda mai girma: kada a fesa maganin auduga a kan abin da za a ci. A kakar auduga ta 1999 zuwa 2000 maganin endosulfan ya kashe mutane a Borgu, wasu ta hanyar abincin da ya taɓa. Toka da ruwan 'ya'yan dogonyaro sun isa yawancin ƙwarin ƙaramar garka. Jarkar magani kuma ba a zuba nono ko ruwan sha a cikinta ko an wanke sau goma.

Kuma mu maza mu ji tsoron Allah a kan mata. Mun san a kansu aikin zai faɗa, su da suke da tatsa da dakan fura da ɗiban ruwa da dafa wagashi da tallan nono. Gina rijiya da kafa shinge da kwasar taki aikinmu ne da na samarin da ba su tafi da garke ba. Abin da garka ta fitar kuwa, in an ci an rage an sayar, kuɗin na mai ban ruwa ne, kamar yadda kuɗin nono yake nata. In muka sa hannu a ciki, garkar ba za ta ga shekara ta biyu ba.

KIRANMU

Ga fatake da dillalai: mun san karsanar bazara mai arha tana da daɗin saye. Amma karsanar da aka sayar don cefane ita ce uwar bijiman da za ku loda zuwa Paraku da Kwatano da Ikko nan da shekara biyar. In ruga ta tsiyace, kara ma ta mutu. Mutanen Gogunu sun nuna cewa kasuwar shanu da masu ita suke riƙe da kansu tana iya yi wa jama'a aiki da kuɗin da ake karɓa a kan kowace dabba. Muna roƙon kwamitocin kasuwanninmu su ware wani abu daga wannan kuɗi kowace shekara don gina rijiya a ruga ɗaya ko biyu.

Ga magajin gari da masu gari da sarakunan ƙasa: ku sauƙaƙa wa makiyayi samun takardar wurin zamansa, ku kuma sa a kafa alamun burtali da mashaya a bakin Kwara da Sota, domin mai albasa ya san iyakarsa, mai shanu ya san tasa. Rikicin da aka hana da turken siminti ya fi wanda aka raba a gaban jandarma arha.

Ga malaman gona da na dabbobi: idan ana rabon iri ko koyar da noman rani, hanya ba ta ƙare a ƙauye ba, akwai mutane a bayansa.

Ga ardo-ardo da garso-garso da dattawan rugage: ku tara mutanenku kafin ruwa ya sauka, ku zaɓi fili, ku tafi wajen mai ƙasa. Duk rugar da take son rakiya ta aiko mana, za mu zo mu zauna tare da ita har a rubuta. Dattijon da ya yi mana dariya a taro kuwa, muna gaishe shi da girmamawa, muna kuma shaida masa cewa sandarsa tana nan a hannunsa, hauyar ta jikokinsa ce, domin su sami inda za su jira garke ya dawo.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana bisashenmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.